Kafaɗar Lurwanu da Tantabarun Zahir

Duk unguwar Tandabawi ta Makka babu wanda bai san labarin hannun Lurwanu ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin hannun yana aikin da ake ba da labarinsa. Mai gyaran risho da fitilu ne a wata 'yar rumfa kusa da masallacin unguwa. Ka kai masa risho ya toshe, kafin ya tsokale maka hancinsa da allura sai ka sha labarin yadda ya yi zamani a gabas, can bakin teku, yana aikin kamfanin mai, yana jifan ƙwallo har Amurkawa na cire hula. Wasan sunansa besbol, amma 'yan unguwa ƙwallon kulki suke ce masa, don iyakar abin da suka gane ke nan. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki. In ya kuskure sau uku ya fita, in ya same ta ya ruga ya zagaya zanguna ya dawo gida. Lurwanu shi ne majefin ƙungiyar leburori.

Wata ranar wasa ya saki ƙwallo, kafaɗar ta ce ƙas, hannun ya sauko kamar jiƙaƙƙen tsumma. Aka ɗora, aka naɗe, ya tattara komatsansa ya dawo Makka. Tun daga ranar hannun dama bai sake wuce kafaɗa ba. Ko a Mina da hagu yake jifa, har maƙwabta na cewa Shaiɗan ya samu sauƙi.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ciwon ya daɗe da daina yi masa magana. Tsoro ne ya rage. Muddin bai ɗaga hannun ba, shi majefi ne da ƙaddara ta faɗa wa. In ya ɗaga ya ƙi, to ya tabbata mai gyaran risho mai dogon labari, kuma wannan ne ba ya so ya sani.

Ana haka, a shekarun da motoci suka gama korar raƙuma daga hanyar Jidda, wani hantsi wata babbar mota ta cusa kai cikin lungun har tana goge bango. Direban ya diro yana ƙwala kira.

"Ina mai kashe kulki? Ina Lurwanu?"

Rabe ne, abokinsa tun suna yara, wanda a can gabas shi ke tsugunawa bayan mai kulki yana cafe jifan Lurwanu. Yanzu ya yi tumbi, yana jigilar alkama daga tashar jirgin ruwa. Suka rungume juna, suka gaisa, suka zagi juna yadda ya kamata. Sannan Rabe ya zaro wani abu daga cikin rigarsa ya ajiye a kan tebur, tsakanin gwangwanin kananzir da tarin lagwani. Safar hannu ce ta fata, ta cafe ƙwallo, ta yi baƙi don tsufa, da ƙwallo a cikinta.

Lurwanu bai san lokacin da ya kai ta hanci ba. Warin fata da gumi da ƙura ya daki kansa, ya ji wata dariya tana taso masa tun daga ciki.

Rabe ya ce, "Ya shekh, saurara. Direbobi da makanikai na Jidda, waɗanda suka yi gabas irinmu, sun haɗa ƙungiya. Suka ce wai Makka babu kowa sai masu sayar da tasbaha. Na ce ƙarya kuke, muna da Lurwanu. Juma'a mai zuwa bayan la'asar suna nan tafe. Halas, shi ke nan, na riga na amsa."

"Ka amsa da bakin wa?"

"Da naka mana. Ba shi ne ya fi lafiya ba?"

Ya kamata Lurwanu ya ce a'a. Ya buɗe baki ma don ya faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Wa zai tsaya a zango na farko?" Daga nan kuma magana ta ƙare. Ranar ya mayar wa wata tsohuwa fitilarta babu lagwani, ya zuba wa wani malami ruwa a risho, ya rufe rumfa tun kafin azahar ya nufi gida yana wurga ƙwallo sama da hagu yana cafewa, yana gaida mutanen da bai sani ba.

Matarsa Rumasa'u tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce ta sha wahalar kafaɗar nan lokacin da ya dawo, da man zaitun da ruwan zafi da haƙuri. Ta dubi ƙwallon, ta dubi bakinsa da ya ƙi rufuwa.

"Maigida, lafiya? Gado ka ci?"

Ya zayyana mata komai, yana yi yana nuna mata da ƙafa inda majefi ke tsayawa, har ya take mata faifai.

Ta ce, "To madalla. In kafaɗar ta sake gocewa, Raben ya zo ya yi maka gashi. Ni na yi nawa." Amma ita ce ta ɗauko tsohuwar katifa ta jingina masa a bango, ta kwashe tulunanta zuwa ɗaki.

Ya auna taku, ya tsaya, ya haɗe rai irin na da. Ya ja hannun baya. Da ya zo daidai kafaɗa sai hannun ya tsaya da kansa, kamar jakin da ya ga rami. Ya sauke shi, ya lilo ƙwallon ta ƙasa, daga gefen gwiwa, ta tafi a hankali ta sumbaci katifa. Haka ya yi ta yi kullum har ranar Alhamis. Rumasa'u tana gani ta ƙofar kicin, sau ɗaya kawai ta tanka.

"Haka Amurkawan suke cire wa hula?"

"Ɗumama jiki nake yi."

"Allah ya sa ya ɗumama kafin Juma'a. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi."

Haɗa ƙungiya kuwa shi ne abin kallo. Rabe ya bi unguwa ya kwaso 'yan ga-ruwa, don ya ce duk wanda ke hawa duwatsun Makka da garwa biyu a sanda ba zai rasa ƙarfin kaɗa kulki ba. Aka samo Idris, wani ƙato mai ɗaukar tsofaffin alhazai a gadon katako yana yi musu ɗawafi. Da aka zo koya musu gudu, kowa ya bugi ƙwallo sai ya nufi inda ransa ya ba shi, wani ma ya bi ƙwallon da kulki a hannu don ya ƙara mata. Lurwanu ya gaji ya ce, "Ku ba tsakiyar fili kafaɗarku ta hagu, yadda kuka saba a ɗawafi." Nan take kowa ya gane. Idris ma ya gane fiye da kima. Ya maka wa ƙwallo kulki, ya zagaya ya dawo gida, ya wuce, ya sake ɗaukar zagaye na biyu, ana ihu ana kiransa yana ɗaga hannu wai a bari ya cika bakwai. Lurwanu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, rabonsa da irin wannan tun yana saurayi.

Alƙalin wasa aka naɗa Baba Tsoho, dattijon da ya tako da ƙafa daga ƙasar Sakkwato ta Sudan tun ana ce wa iyayen su Lurwanu yara. Ya ce musu, "Wanga wasa naku ban san shi ba, amma na san gaskiya in na gan ta." Aka ce ai shi ke nan.

Fili suka samu a unguwar Zahir, shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu, sai dai akwai wata ƙaya da ta yi kututture a bayan inda mai cafe zai tsuguna. Wani daga cikin mutanen Jidda, da suka iso ranar Juma'a cike da mota suna waƙa, ya nemi a kawo adda a sare ta. Baba Tsoho ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, nan cikin Harami kake. Ba a saran icce, ba a cire ƙaya. Ku yi wasanku, ita ma ta yi zamanta."

Aka bar ƙaya. Rabe ya sauko da buhunan alkama da ya juye, ya tsaya a tsakiyar fili ya kakkaɓe su da kyau, ya ninke kowanne ya ajiye a matsayin zango. Mutanen Tandabawi da na Zahir suka cika gefen fili, wasu a kan duwatsu, mai shayi ya kafa tukunyarsa. Rabin taron ba wasa suka zo gani ba, hannun Lurwanu suka zo gani.

Ya fito tsakiya ya ɗaure zanensa tamau, ya naɗe hannun riga. Yana jin daɗi da tsoro sun cakuɗe har bai san wanne ke sa shi murmushi ba. Rabe ya tsuguna ya buɗe safa. Lurwanu ya ja hannu baya, hannun ya zo kafaɗa ya tsaya. Ya lilo ta ƙasa.

Mutanen Jidda suka yi ta dukan ƙwallon kamar masu sussuka. Shugabansu Yunus, wani makaniki dogo da ya ji sunan Lurwanu tun a gabas, ya jingina da kulki ya tambayi Rabe da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ya akhi, wannan ne Lurwanun, ko ƙanensa kuka kawo mana?" Taro ya fashe da dariya, har da 'yan Tandabawi. Lurwanu ma ya yi dariyar, amma ta yi masa ɗaci a baki.

Abin da ya rufa wa Makka asiri 'yan ga-ruwa ne. Ba su san dabara ba, amma duk wanda kulkinsa ya haɗu da ƙwallo sai an hau dutse neman ta. Idris kuma an sa mutum biyu a gida su riƙe shi in ya iso. Haka aka yi ta ja, kowa na ihu da Hausa da Larabci, mai shayi ya bar shayinsa ya ƙone, har rana ta yi ja a kan duwatsu ana kunnen doki. Zagayen ƙarshe ya zo, Jidda ke bugu. Mutuminsu ɗaya yana tsaye a zango na uku, in ya shigo gida sun ci. Yunus ne riƙe da kulki.

Nan ne tantabaru suka iso. Ɗaya ce ta fara sauka, ta tsinci ƙwayar alkama a inda Rabe ya yi kakkaɓa, ta yi wa danginta bushara. Kafin a ce me, garke guda ya sauko ya shimfiɗu tsakanin Lurwanu da Yunus, suna tsattsaga suna guɗa abinsu, ko kallon mutane ba sa yi. Tantabarar Makka ba ta san tsoro ba, don babu wanda ya taɓa koya mata. Wani ɗan Jidda ya cire rawaninsa zai kaɗa, Baba Tsoho ya daka masa tsawa.

"Kul! Ba a korar tsuntsun Harami, ba a firgita shi. Kowa ya kashe guda, rago na kansa. Kun jiya?"

Kowa ya ji, kuma kowa ya san gaskiya ya faɗa. Aka tsaya cirko-cirko, manyan maza da kulake da safuna, ana jiran tantabaru su gama cin abinci. Su kuwa ba su da niyyar gamawa, don Rabe ya kakkaɓe buhunan nan da zuciya ɗaya.

Dattijon ya juyo wajen Lurwanu. "Kai kuma, wanga jifa naka mai bin ƙasa, ban yarda da shi ba. Cikinsu za shi bi. In kana da wanda ka bi ta bisa, bismilla. In babu, a tashi haka, magariba ta kusa."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Lurwanu ya ji wani sanyi ya sauko masa. A tashi kunnen doki, ba a ci Makka ba, babu mai zarginsa, gobe ya koma rumfa da sabon labari, wai saura ƙiris ya nuna musu tantabaru suka hana. Wa zai yi jayayya da tsuntsun Harami? Zai iya cin wannan labarin har tsufansa. Har ya fara sassauta yatsunsa daga kan ƙwallon.

Sai ya hango Rabe. Bai tashi daga tsugunen ba. Gwiwoyinsa na rawa saboda tumbi da shekaru, gumi ya jiƙa masa riga, amma ya ɗaga safar nan daidai ƙirjinsa ya buɗe ta, yana jira, kamar yadda ya saba jira a da. Lurwanu ya ji kunya ta kama shi, ta bi ta zama haushi, haushin ya zama wani abu mai kama da ƙaiƙayi a cikin kafaɗar.

Ya ce, "Baba, akwai na bisa."

Filin ya yi tsit, sai gurnanin tantabaru. Ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafar hagu, ya ja hannun baya. Hannun ya zo kafaɗa ya nemi tsayawa. Ya rufe ido ya tura shi. Ya ji wani abu ya ɓare a ciki kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, hannun ya wuce kunne, ya wuce kai, ya sauko da dukkan nauyin jikinsa.

Ban taɓa jin labarin jifa mara kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta wuce saman tantabaru, ta wuce saman Yunus, ta wuce saman Rabe, ta yi wa Baba Tsoho fito a kunne, ta tafi tana kuka ta nutse cikin ƙayar nan har ba a ganinta. Ko da Yunus a kan raƙumi yake da bai kai gare ta ba. Tantabaru ko kai ba su ɗaga ba.

Mutumin Jidda na zango na uku ya taho gida. Gudu ba dama, don wasu tantabarun sun bazu har kan hanyarsa, sai ya taho da sanɗa, yana ɗage zane, yana ce musu afuwan, afuwan, har ya taka buhun gida. Jidda ta ci. Mutanensu suka ɓarke da sowa ƙasa-ƙasa, suna rungumar juna a hankali don kada a ja wa wani rago.

Da suka waiwayo don su yi wa majefin Makka jaje, sai suka tarar da shi yana rawa. Hannun dama a sama, yana juya shi kamar mai kiran mota, yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya sauke hannun ya sake ɗagawa. Ya sake. Yana zafi, zafi sosai ma, amma zafin tsokar da ta yi aiki ne, ya san bambancin.

Yunus ya matso wajen Idris ya ce, "Ba ku faɗa masa an cinye ku ba ne?"

Idris ya ce, "Bar shi, ya shekh. Mu ma yau muka fara ganin hannun nan a sama."

Can bayan fili Rabe yana durƙushe gaban ƙaya, ya cusa hannu yana lalube a hankali don kada ya karya reshe, Baba Tsoho na tsaye a kansa yana sa ido. Ya fito da ƙwallon, hannunsa duk ya karce. Ladan bai kira ba tukuna, akwai sauran haske a kan duwatsu. Mutane sun fara naɗe tabarmi.

Lurwanu ya ƙwala masa kira, "Rabe! Koma ka tsuguna!"

"An tashi, mahaukaci!"

"Na sani. Tsuguna!"

Rabe ya wurgo masa ƙwallon, ya koma wurinsa yana gunaguni yana dafe gwiwa, ya buɗe safa. Wannan karon Lurwanu bai rufe ido ba. Hannun ya wuce kai ba tare da ya nemi izini ba, ƙwallon ta tsaga iska a saman tantabaru, ta faɗa tsakiyar safar da ƙarar da ta sa masu naɗe tabarmi suka juyo.

Rabe bai mayar da ita ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya zare safar, ya buɗe tafin hannunsa da ya yi jawur, yana hura masa iska. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla, bakinsa kuma har kunne.

Ya ce, "Wallahi na san wannan zafin. Sannu da zuwa, Lurwanu."